Lorne da Maganin Mage

"Asma ciwon ragwaye ce," in ji yayana Lorne, yana dukan ƙirji. "Ni na kore ta da ƙarfin zuciya!"

Ka ji fa. Mu biyun mun gaji asma daga babanmu, kuma duk garinmu Winnipeg ba wanda ya kai Lorne zuwa asibiti. Amma da ya yi wata biyu lafiya, sai ya zama babban likita. Kullum ya tauna tafarnuwa, ya yi wanka da ruwan ƙanƙara, ya fito yana karkarwa yana cewa huhunsa ƙarfe ne. Abin shaƙar maganinsa kuwa ya wurga shi a shara.

Ran nan wata Marguerite da yake nema ta gayyace shi cin abincin rana, ya ja ni rakiya. Ashe gogan ya zare nawa abin shaƙar daga jakata, wai zai 'yantar da ni.

Tana buɗe ƙofa, maguna huɗu suka tarye mu. Ni hayaƙi ne ke tayar min da ciwo. Shi kuwa gashin mage.

"Kana son maguna?" ta tambaye shi.

"Ni? Ai da su nake kwana!"

Ya sunkuci ɗaya ya sumbata. Kafin a zuba miya, ƙirjinsa ya fara yin fito.

"Af, na bar butar shayi a wuta ne?" in ji Marguerite.

"Ba buta ba ce," na ce, "Sarkin Huhu ne."

Ya shaƙe, ido ya yi ja, ya damƙo hannuna. "Ƙanwata... naki..."

Na zazzage jaka, babu. Nan fa na kira motar asibiti.

"Tsaya!" in ji Marguerite. "Magena Biscuit ma tana da asma, irin maganinku likita ya rubuta mata."

Ta ɗauko abin shaƙar magen, da ɗan murfinsa na rufe baki mai ƙarnin kifi, ta danna wa Lorne a hanci. Ya ja, ya ja, hawaye na zuba, har numfashi ya dawo.

Ma'aikacin asibiti ya shigo, ya dubi Lorne a ƙasa, ya dubi abin da ke hancinsa.

"Yi haƙuri, malama," ya ce, "mu mutane muke ɗauka. Likitan dabbobi yana bayan layinku."