Dakta Makulli da Lambar Bana

Idan za a lissafa manyan masanan Accra, to a fara da Dakta Fiifi Amissah. In ba a yi haka ba, shi zai miƙe ya fara da kansa. Babban malami ne a Sashen Tsara Birane na wata jami'a da ke gabashin gari. A kan zirga-zirgar ababen hawa ya yi digirinsa na uku, shafi ɗari huɗu cur, kuma har yau mutum biyu kawai aka tabbatar sun karanta shi: shi da matar da ta buga masa. Babu abin da bai sani ba game da cunkoson titi, in ban da yadda ake fita daga cikinsa.

Shekara goma sha ɗaya Dakta yana shiga trotro, wato motar haya, daga Kasoa zuwa ƙofar jami'a. Bas ɗin maƙwabcinsa ce, Wofa Badu, tsohon direba mai furfura a kunne, wanda ya rubuta a bayan motarsa da yaren Twi cewa babu wanda ya san gobe. Kullum kujerar gaba ta Dakta ce. Ko wa ya riga shi, Wofa Badu zai leƙo ya ce, "Haba, a bar wa ilimi wurinsa mana." A nan Dakta yake duba takardun ɗalibai, ya ci ƙosansa, ya yi gyangyaɗi mai daraja, ya sauka ƙarfe takwas daidai.

Sai ga watan Satumba, Dakta ya sayi mota.

Ta hannu ce, ruwan toka, ta yi wa Turawa biyu hidima har suka gaji da ita. Amma duk kujerunta a naɗe suke da leda kamar yau ta fito daga kamfani. Ledar a kasuwar Makola ya sayo ta, shi ya naɗa da hannunsa. Tun daga ranar makullin bai ƙara ganin cikin aljihu ba. Da shi yake nuna allo. Da shi yake sosa kunne. In ya shiga ofis, sai makulli ya faɗa kan tebur ya yi ƙara, sannan mai shi ya yi sallama. Ɗalibai, da ba sa barin alheri ya wuce su, suka raɗa masa Dakta Makulli.

Ilimi kuwa nan take ya ƙaru. A ɗakin shan shayin malamai ya gano, bayan dogon nazari, cewa trotro ce annobar birnin nan.

"Abokan aiki," in ji shi, yana juya makulli a yatsa, "mutum ba kifin gwangwani ba ne. Ta yaya ƙwaƙwalwa za ta yi tunani, gwiwar wani tana cikin haƙarƙarinka? Ni wallahi mamaki nake yi yadda jama'a ke jure wa abin nan."

Babu wanda ya tuna masa da shekara goma sha ɗaya. Shayi suka ci gaba da sha.

Gaskiya dai mota ta canza masa rayuwa. Da ƙarfe shida yake barin gida, yanzu ƙarfe biyar. Da takwas yake isa, yanzu tara, ranar da aka yi sa'a. Dalili kuwa, Wofa Badu da 'yan'uwansa ba sa tsayawa gaisawa da cunkoso. Da sun hango jajayen fitilu sun yi layi, sai su saki babban titi su faɗa lungu-lungu, ta bayan coci, ta gaban mai sayar da gawayi, ta tsakar gidan wani in ya bar ƙofa a buɗe. Dakta kuwa ba ya bin lungu. Lungu na ɓarawon akuya ne. Babban mutum babban titi yake bi, ko da titin ba ya tafiya.

Haka zai zauna a Mallam Junction, gilasai a rufe ruf don a ɗauka sanyi yake sha. Na'urar sanyin a kashe take, saboda man fetur ba ruwan famfo ba ne. Gumi na bin ledar Makola, kwat ta manne masa a baya, shi kuma yana gyaɗa kai kamar mai sauraron kiɗan manya. In trotro ɗin Wofa Badu ta gifta ta gefe, tsohon ya danna masa ham, sai Dakta ya tsunduma cikin nazarin madubinsa.

Abu ɗaya ya rage wa motar: lamba. Kowa ya san lambar mota a ƙasar nan da shekarar rajista take ƙarewa, kuma da wutsiyar nan ake auna mutum a wurin biki da jana'iza. In ka yi rajista a Satumba, bayan wata huɗu motarka ta zama ta bara. Wane mai hankali zai yi wa kansa wannan ɓarna? Don haka Dakta ya maƙala mata lambar wucin-gadi ta dillalai, ya zauna jiran Janairu.

Wofa Badu ya leƙo ta katanga wata Lahadi ya ce, "Dokta na, lambar nan fa tare da shekara take mutuwa. Ka je ka yi abin da ya dace tun layi bai yi tsawo ba."

"Wofa," in ji Dakta cikin tausayi, "kai tuƙi kake yi. Ni tsara tuƙi nake yi. Akwai bambanci."

"To, Allah ya ba mai bambanci sa'a."

Ana cikin haka kujerar shugaban sashe ta zama babu kowa. Aka sa ranar biyar ga Janairu, ƙarfe goma na safe, malamai su taru, kowane ɗan takara ya yi jawabi, a kaɗa ƙuri'a. Al'adar sashen kuwa tsohuwa ce: wanda aka kira sunansa ba ya ɗakin, ya janye ke nan.

Kujerar tana zuwa da ofis mai labule da sakatare, amma ba su ne suka hana Dakta sukuni ba. A gaban ginin akwai wata bishiyar mangwaro, ita kaɗai ce inuwa a filin ajiye motoci, kuma a jikinta an kafa allo: SHUGABAN SASHE KAWAI. Kullum in ya ajiye motarsa a rana, sai ya tsaya ya dubi inuwar nan kamar mai azumi da tulun sanyi.

Mutum ɗaya ce ta fito takara da shi: Dakta Mawusi Dzikunu, gajeriyar mace mai takalmin roba da lema a jaka. A Weija take zaune, kuma tun watan Satumba ita ta gaji kujerar gaba a motar Wofa Badu. Ba ta da mota, ba ta da niyyar saya, ba ta kuma taɓa makara aji ba. Dakta ya auna ta sama da ƙasa, ya ga babu abin tsoro. Ya ma samo taken yaƙin neman zaɓe, yana bin ofisoshi yana rabawa kyauta:

"Wanda bai riƙe sitiyari ba, ta yaya zai riƙe sashe?"

Ranar aiki ta farko a Janairu ya yi sammakon zuwa ofishin rajista don karɓo lambar bana. A nan ya tarar ashe ba shi kaɗai Allah ya ba wannan hikimar ba. Rabin Accra na can, kowa da makulli a yatsa, layi ya zagaya gini ya fita titi ya sha kwana. Da yamma aka ba shi 'yar takarda, aka ce ya dawo ranar goma sha biyu.

Mai ƙaramar ƙwaƙwalwa da sai ya bar motar a gida ranar zaɓe. Amma a ce mai taken sitiyari ya iso a ƙafa? Ranar biyar ga wata Dakta ya sa kwat mai maɓalli uku, ya goge mota har tana ɗaukar ido, ya kwantar da jawabinsa mai shafi goma sha biyu a kujerar gaba, ya ɗaura masa bel, ya kama hanya da lambar da ta rasu kwana biyar da suka wuce.

Ƙarfe takwas saura, a Mallam Junction, wani ɗan sandan hanya ya ɗaga masa hannu. Dogo ne siriri, sunansa a ƙirji: Kofur Ayamga. Ya zagaya bayan motar, ya dawo, ya ƙwanƙwasa gilashi. Da gilashin ya sauka, wani tururi ya fito ya buge shi a fuska har ya ja da baya.

"Barka da sabuwar shekara, yallaɓai. Burodi kake gasawa a ciki?"

"Kofur, ina da muhimmin taro."

"Lambar nan ta bara ce, yallaɓai. Ta mutu."

Nan fa Dakta ya fito, ya gyara kwat, ya buɗe rumbun ilimi. Ya bayyana wa kofur cewa doka ruhi gare ta, ba haruffa kaɗai ba. Ya ce shi da kansa ya gabatar da muƙala a kan wannan mahaɗar da suke tsaye a kai. Ya ce nan da awa biyu zai zama shugaban sashe, kuma wata rana, wa ya sani, 'ya'yan kofur za su zo neman gurbin karatu.

Kofur Ayamga ya saurara har ƙarshe, da ladabi, hannu a baya.

"Kai, yallaɓai, ka iya magana. Da ma motar ce ta yi digirin. Juya ta mu shiga caji ofis, ga shi can."

Aka ajiye ta tsakanin wata tasi marar ƙofa da amalanken kwakwa. Dakta ya fito bakin titi, jawabi a hammata, makulli a hannu, babu abin da zai buɗe da shi.

Sai ga ham, ɗit-ɗit. Wata tsohuwar bas, wadda yau ba ta yi sammako ba, ta taka birki a gabansa. Wofa Badu ya leƙo.

"Dokta na! Yau tsara tsayuwa ake yi? Shigo, akwai rabin wuri a baya, kusa da Anti mai kifi."

Daga kujerar gaba Dakta Mawusi ta sauke gilashi. "Fiifi, shigo don Allah, takwas ta wuce. In bayan ne ba ka so, zo ka zauna nan, ni in koma."

Jama'a, ga tsani har ƙasan rijiya. Da ya sa ƙafa, da tara da rabi yana ƙarƙashin mangwaro yana gaisawa da masu ƙuri'a. Amma Dakta ya hango abin da mu ba mu hango ba. Ya hango kansa yana saukowa daga trotro a ƙofar jami'a, yana warin banda, a bayan abokiyar takararsa, a kan idon duk wanda ya raba wa take.

"Na gode," in ji shi, yana duban sama. "Direbana na tafe."

"Direbanka?" in ji Wofa Badu. "Yaushe aka haife shi?"

Anti mai kifi ta ɗaga murya daga baya: "Wofa, mu tafi! In shi kwat ce za ta kai shi, ni kifina ba ya jiran Turanci."

Bas ta ja, ta saki titi, ta shige wani lungu. Abin da Dakta ya gani na ƙarshe shi ne rubutun nan na bayanta.

Sai da ya yi rabin awa kafin ya sami tasi ya ɗauke ta shata, ya hakimce a baya. Da suka iso Lapaz, titi ya cushe kamar buhun gari. Direban ya ce, "Oga, in bi ta ciki? Akwai wata hanya ta bayan makaranta."

"Ni na yi maka kama da kayan sata? Bi babban titi."

Suka bi babban titi. Wato suka zauna a kansa. Mai sayar da ruwan leda ta wuce su sau uku, a na huɗu ta tambayi lafiyar iyali. Wani kare mai ɗingishi ya wuce su bai dawo ba. Ƙarfe goma ta buga Dakta yana karanta wa ƙeyar direba shafi na bakwai.

Sha ɗaya da kwata ya faɗa ɗakin taro. Ya tarar ana kwashe kofuna. An kira sunansa sau uku, in ji sakatare, har an leƙa ta taga ko za a ga mota. Dakta Mawusi ta yi jawabin minti huɗu a kan gyaran fankokin aji, an tafa, an gama.

Mace ce marar riƙo. Bayan mako guda, da Dakta ya karɓo motarsa, ya kuma samo lambar bana mai sheƙi, ta tare shi a baranda.

"Fiifi, inuwar nan tana zaman banza, ni ba abin da zan ajiye sai lema. Ka riƙa sa motarka, kada rana ta cinye fentin."

Dakta ya yi nazari, ya ga cewa wannan amincewa ce a fakaice da wanda ya cancanta. Ya karɓa don kada ya kunyata ta. Tun daga ranar motarsa ke zama a ƙarƙashin allon, wuni guda, lambar bana na kallon duk mai wucewa.

Ranar Alhamis aka kira shugabannin sassa taro a babban ginin mulki, can ɗaya gefen jami'a, ga hadari ya haɗo. Dakta Mawusi ta roƙe shi ya miƙa ta. Ta kama ƙofar gaba, ya ce a'a, kwat ɗinsa na shimfiɗe a nan, kada ta yamutse. Sai ta shiga baya, ta zauna a kusurwar dama, ta buɗe takardunta.

A ƙofar ginin mulki wani sabon mai gadi ya ƙame ya sara. Ya dubi lambar, ya leƙa baya, fuskarsa ta washe.

"Madam shugaba! Ashe taki ce nake gani a ƙarƙashin mangwaro! Ta bana ce fil, Allah ya sa alheri!"

Sannan ya ranƙwafo ta gaba, ya ɗan bubbuga rufin motar.

"Kai kuma direba, in ka sauke Madam, ka zagaya baya. Akwai benci, 'yan'uwanka na can."

Taken nan nasa dai bai faɗi ƙasa ba, rabuwa ya yi gida biyu: ita ta riƙe sashe, shi ya riƙe sitiyari.