Ranar da Sakataren Mafarauta Ya Miƙe a Majalisa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na miƙe tsaye a zauren majalisar dokokin jiharmu, ni da ko takarar kansila ban taɓa tsayawa ba, na gyara murya zan ceci mafarautan ƙananan hukumomi uku da bakina. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni malamin firamare ne a Talata Mafara. Farauta kuwa, ko zomo ban taɓa kamawa ba (sau ɗaya na bi mafarauta daji, wani kare ya yi haushi a bayana, na riga kowa isowa gida). Amma kawuna, Kawu Bawa, wan mahaifiyata, shi ne sarkin bakan yankinmu. Da mafarautan Mafara da Bakura da Maradun suka haɗa kai suka kafa ƙungiya, sai aka rasa mai riƙe alƙalami, Kawu ya nuna ni. A ranar na zama Sakatare. Kafin mako ya zagayo na sayi jakar hannu, na sa an sassaƙa mana hatimi, har tafiyata sai da ta canza.

Ana nan sai labari ya zo cewa an gabatar da wani ƙudiri a majalisa, wanda zai hana kowa shiga daji da bindiga kowace iri, har da ta gargajiya. Wanda aka kama, a ƙwace bindigar a kai shi kotu. Ba wanda ya ga laifin masu ƙudirin, don duk mun san abin da daji ya zama a ƙasarmu. Matsalar ita ce takardar ba ta bambanta ɗan ta'adda da maharbin da ya fita neman zabo ba. Kawu yana da wata tsohuwar bindiga da ya gada daga kakanmu, gindinta duk ɗaurin fata ne da waya, kuma da ita yake ciyar da gidansa idan rani ya yi. In ƙudirin nan ya wuce a yadda yake, bindigar ta tafi, sana'ar ma ta bi ta.

Aka kira taro a Bakura, ƙarƙashin wata tsamiya a bayan kasuwa. Na aro allo daga makaranta, na ɗaure shi a bayan babur, na je na kafa shi gaban dattawan da suka haife ni. Na zana musu matakala biyar. Na ce karatu na farko, a ambaci sunan ƙudiri kawai. Karatu na biyu, 'yan majalisa su yi muhawara a kan manufarsa. Daga nan a miƙa shi ga kwamiti. Sai karatu na uku, a kaɗa ƙuri'a. Ƙarshe a kai wa gwamna ya sa hannu ya zama doka. Gaskiya na burge. Wani maharbin Maradun, Mamman Dogo, mutum mai murya kamar ganga, ya ce tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin ilimi haka a tsaye ba.

Matakalar duk daidai na zana ta, ban tsallake ko ɗaya ba. Inda na ɓata shi ne fassara. Da na zo kan kwamiti sai na yi ɗan tsaki, na ce wannan ba komai ba ne, 'yan mutane ƙalilan ne suke shiga ɗaki su sha shayi su juya takardu. Na buga alli a kan mataki na huɗu na ce, “Nan ne filin daga. Ranar karatu na uku duk 'yan majalisa suna zaune. A ranar za mu je, su ji daga bakinmu.”

Bayan 'yan makonni wasiƙa ta iso ni, da hatimin majalisa a samanta. Kwamitin da aka bai wa ƙudirin ne yake gayyatar ƙungiyarmu zaman sauraron ra'ayin jama'a, mu zo da bayaninmu a rubuce ko da baki. Na karanta, na ga an ce a ɗakin taron kwamiti za a yi. Ɗakin taro! Mu da muke shirin cika zaure? Na ninke ta na jefa a jaka, ban gaya wa kowa ba.

Washegari Kawu ya zo gidana bayan la'asar. Muka gaisa, ya tambayi iyali da makaranta da gajiya, sannan ya ce, “Ɗana, na ji rediyo na hwaɗin za a saurari jama'a bisa maganag ga tamu. Ba mu zuwa?”

Na yi irin murmushin da nake yi wa 'yan aji uku. Na ce, “Kawu, wannan ƙaramin zama ne. In muka je can mun zubar da girmanmu. Ka bar mini, na san inda zan kama su.”

Ya dube ni, ya dubi jakar da ke gefena, ya ce, “To. Kai kas san boko.” Ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Ni kuwa na duƙufa rubuta jawabi, da Turanci, irin mai nauyin nan da sai an buɗe ƙamus. Shafi goma sha ɗaya. Takarda ta ƙare mini ina tsakiyar rubutu, na zazzage jaka, duk abin da na ga bayansa fari na rubuce shi. Na riƙa gwaji a tsakar gida, awaki suna kallona. Maiɗakina tana tsintar shinkafa ta ɗago kai ta ce, “Malam, wai shin wa ya ce za a ba ka dama ka yi magana a can?” Na ce mata tsarin mulki ne ya ce. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da tsintarta.

Ranar da aka sa za a karɓi rahoton kwamiti a yi karatu na uku, muka cika mota biyu sai Gusau. Bindigogi mun bar su a gida, amma rigunan layu kam an sha su, ni kaɗai ne cikin babbar riga mai sitaci. Ɗan majalisar mazaɓarmu ya yi mana ƙoƙari, aka bincike mu a ƙofa, aka hau da mu benen da baƙi suke zama. Daga can sama muna hango komai: kujeru a jere, sandar majalisa a kan tebur, kakaki a kujerarsa.

Abin da ban sani ba, kuma babu shi a littattafan da na karanta, shi ne majalisa tana da al'ada. In akwai baƙi a bene, kakaki yakan ambace su don girmamawa, su kuma su miƙe, su ɗan rusuna, su zauna. Shi ke nan. Wanda ba ɗan majalisa ba ba ya cewa uffan a zaure.

Kakaki ya duba takarda ya ce majalisa tana maraba da mafarautan Talata Mafara da Bakura da Maradun. Wani ma'aikaci ya yi mana alama da hannu, muka miƙe. Kowa ya rusuna ya koma ya zauna. Ni kuwa zuciyata ta ce, ga ranar da kake jira. Na ci gaba da tsayuwa, na zaro takarduna, na ɗaga murya yadda nake yi a taron safe na makaranta.

“Mista Sifika, sa!”

Duk zauren ya waiwayo sama. Na ji Kawu yana jan gefen rigata, na ɗauka ƙarfafa mini gwiwa yake yi. Na karanta layi na farko, na shiga na biyu. Sai Mamman Dogo, da ya ga abin ya yi armashi, ya zabura ya saka kirari: “Sai kai Sakatare! Alƙalami ya hi kibiya dahi! Hwaɗa musu, ɗan 'yar'uwas sarki!”

Guduma ta sauka a tebur, ƙwam, ƙwam, ƙwam. Wasu 'yan majalisa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Wani daga baya ya tambaya da ƙarfi ko wace mazaɓa nake wakilta, dariyar da ake dannewa ta ɓalle. Kafin in kai layi na huɗu sajan majalisa ya iso gefena. Cikin ladabi ƙwarai ya ce, “Malam, bismilla,” ya nuna mini ƙofa. Na juya zan fita, babbar riga ta kama hannun kujera, hulata ta faɗi, shafi goma sha ɗaya suka watse a kan matakala. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

A baranda na durƙusa ina tattara takardu. Kawu ya biyo ni, wasu mutanenmu suka biyo shi. Sai ga wani mutum mai tabarau ya sunkuya yana taya ni tsinta. Da ya ɗago ya ga Kawu, fuskarsa ta washe.

“A'a, Baba Sarkin Baka! Kun zo lafiya? Yaya hanya, yaya mutanen gida? Ai gyaranku ya shiga rahoto, yanzu shugaban kwamiti zai karanta shi.”

Na ce, “Wane gyara?”

Ashe akawun kwamitin ne. Ya ba mu labari a tsaye. Ranar sauraron jama'a Kawu ya zo, shi da wani dattijo daga Janbako da wani daga Bakura, a motar haya. Ya yi magana da Hausa, akawu yana rubutawa. Bai ce a yar da ƙudirin ba. Cewa ya yi a yi wa mafarauta rajista, hakimi da sarkin baka su shaidi kowane mutum, a ba shi kati, a sa lambar bindigarsa a jiki, a kuma ƙayyade lokacin farauta. Wanda ya ci amanar katin a hukunta shi fiye da kowa. Bayan zaman kuma suka bi 'yan majalisar yankunanmu ɗaya bayan ɗaya har gida, suka maimaita musu maganar.

“Mun ma aika wa sakatarenku wasiƙa,” in ji akawu, “ba mu ji amsa ba. Ko ba ta iso ba ne?”

Yana faɗar haka yana juya takardar da ya tsinta a hannunsa. Shafi na tara ne na jawabina. A bayansa ga hatimin majalisa, ga sa hannunsa shi kansa. Ya dubi gaba, ya dubi baya, ya dube ni ta saman tabarau. Ya miƙo mini ita da hannu biyu. Mamman Dogo ya leƙo ya ce, “Sakatare, mi anka rubuta nan?” Wallahi na gwammace korar da sajan ya yi mini sau goma a kan wannan tambaya.

Muna nan zaune a baranda aka karanta rahoto, aka bi ƙudirin sashe-sashe, aka yi karatu na uku, ya wuce da gyaran Kawu a ciki. Da labari ya fito, sai na ga wata 'yar kafa ta dawo da mutuncina (hali zanen dutse). Na ɗaga hannu na ce, “Jama'a, albishirinku, ta zama doka!” Akawu ya yi gyaran murya ya ce tukuna, sai an tsabtace rubutun an kai wa gwamna ya sa hannu, kuma yana iya dawo da shi. Mataki na biyar, wanda ni da kaina na zana a Bakura. Kawu ya ce a hankali, “Ɗana, ba a cinikin biri a sama.”

A mota na zauna kusa da shi, na kasa haɗa ido. Sai da muka yi nisa na ce, “Kawu, me ya sa ba ka gaya mini ka je ba?”

Ya ce, “In gaya maka ka ji kunya gaban mutane? Kai ɗana ne.” Ya ƙara da cewa, “Mu ba mu san boko ba, amma mun san nama. Ba a bin barewa tsakaf fili, can ta hi ka gudu. Mashaya a kan jira ta, inda dole ta duƙa. Da kaz zana muna abin nan bisa allo, na ga wuri guda ne takardag ga ka tsayawa a taɓa ta. Kai kan nuna mani mashayar, sannan kac ce kar a je.”

Wannan magana ta fi gudumar kakaki zafi. Na ce zan ajiye sakatarancin, in mayar da hatimi. Ya ce maharbi ba ya karya baka don ya kuskure harbi ɗaya, in je in ci gaba da aikina.

Gwamna ya sa hannu bayan 'yan makonni. Ni na zauna ƙarƙashin tsamiyar Bakura na rubuta sunayen masu rajista, kuma da hannuna na cika katin Kawu. Bindigar kakanmu tana nan rataye a ɗakinsa, da ɗaurin fatarta da wayarta, rani yana yi yake saɓa ta. Ranar da ya karɓi katin ya juya shi, ya sa a aljihun gaba, ya ce rubutuna yana da kyau. Iyakar abin da ya sake cewa a kan maganar ke nan.

Sauran mafarauta kam ba su da irin kawaicinsa. Daga Mafara har Maradun ba mai kirana Sakatare yanzu, sai Onarabul. Na karɓa, don ni na saya da bakina. Abin da na koya kuwa bai fi biyu ba. Duk takardar da ta zo da hatimi, sai na karanta wa Kawu ita kafin in yanke mata hukunci. Kuma duk inda aka ce ana maraba da ni, ko a wurin ɗaurin aure ne, nakan miƙe, in rusuna, in koma in zauna.