Rasuwar Goggo, Kwamfutar Bakin Taga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda haushi ya fi yawa a cikinsa, nake sanar da ma'aikatan kamfaninmu na sayen masara da waken suya, na Funtuwa da Malumfashi da Danja, har da manyanmu na Legas, rasuwar kwamfutata wadda duk ofis ya sani da suna Goggo. Ta rasu ranar Talata da hantsi a kan teburinta na bakin taga, bayan gajeriyar jinya a hannun mutanen da ko kaza bai kamata a ba su jinyarta ba. Ban taɓa rubuta irin wannan sanarwa ba, in an ga kuskure a yi mini haƙuri. Sunayen da na ambata dai ba kuskure ba ne.

Ga wanda bai sani ba, ni ma'aikaciyar wucin gadi ce, kuma a kamfanin nan kujerar irinmu kwamfuta take bi. In tsufa ya kashe kwamfuta ba a sayo wata, sai a rufe kujerar. In kuwa sakaci ne ya kashe ta, Legas kan aiko da madadinta. Saboda haka abin da aka rubuta ya kashe Goggo, shi zai nuna ko ina da aiki ranar Litinin.

Marigayiya ta riga ni zuwa ofishin nan. Fara ce a da, ƙaiƙayin masara ya mai da ita ruwan ƙasa. Da safe in na danna ta sai ta ce "tiit" sau ɗaya, fankarta ta ja numfashi "huuu" kamar tsohuwa za ta tashi daga tabarma, sannan ta buɗe ido. Ba ta da sauri, ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba. Amma ba ta taɓa cinye aikin kowa ba. Da kaka, lokacin da motocin garin Ƙarfi ke layi har bakin titi, manoma sun cika taga kowa yana cewa shi tun asuba yake nan, sababbin kwamfutocin ofis kan sandare, ita kuwa tana tafiya a hankali har mu sallami na ƙarshe. Da rana in kowa ya fita cin abinci, a kanta nake karatuna, ba ta taɓa kai ƙarata ba.

Ciwonta ya samo asali damina biyu da suka wuce, ranar da tsawa ta ƙone ramin da ake soka wayar netwok a bayanta. Malam Zubair, mai kula da kwamfutocin ofis, ya duba ya ce ramin ya mutu. Manajanmu Alhaji Bature ya ce kada Legas ta ji, domin sun sha aiko masa ya sa ƙarfen kare tsawa a rufi bai sa ba. Sai aka sayo wani ɗan abu kamar ƙwallon dabino aka maƙala mata a gefe, ta riƙa kamo netwok ta iska. Matacciyar wayar kuwa, Malam Zubair da hannunsa ya mayar da ita raminta, don a ofishin nan ba a barin rami buɗe a jikin na'ura, zanzaro zai shiga ya yi gini kafin a tashi aiki. Tun daga ranar, duk wanda ya leƙa bayan Goggo zai ga waya a soke kamar ta kowa.

Makon jiya injiniyan Legas ya bugo ya ce za a goge dukkan kwamfutocin kamfani a zuba musu sabon tsari iri ɗaya. Kowace za ta share abin da ke cikinta, ta tashi babu komai, sannan ta bi waya ta nemi babbar kwamfutar ofis da suke kira saba, ta janyo sabon tsarin daga can. Ya tambaya ko kowace tana da waya a jiki. Ina wurin, a bayyane aka sa muryarsa. Malam Zubair ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tebura, ya miƙe yana kaɗe gwiwa ya ce, "Duk a soke suke, oga." Na buɗe baki zan yi magana, Alhaji ya ce, "Maijidda, manya na magana. Je ki karɓo mana ruwan sanyi." Na tafi. Kafin in dawo an fara.

Ta wannan ɗan abin na gefe umarnin ya shigo mata. Goggo mai biyayya ce, ta share komai, har da sanin yadda ake amfani da ɗan abin, domin ashe ba ya aiki sai tsarin ciki yana nan. Ta tashi da baƙin allo da farin rubutu, tana jera ɗigo-ɗigo, tana kiran saba ta ramin da ya mutu. In ta gaji ta ce "tiit, tiit," ta kashe kanta, ta sake tashi, ta sake kira. 'Yan uwanta duk sun warke kafin la'asar. Ita haka ta wuni.

Sai aka shiga abin da suka kira magani. Malam Zubair ya canja waya, ya sake canjawa, ya kai ta wani ramin bango. Ya daddanna maɓallan sama har ɗaya ya ɓalle. Ya shiga wani shuɗin allo ya juya tsarin tashinta, ya mayar yadda yake. Ya kashe saba ya kunna, aikin ofis ya tsaya, manoma suna zaginmu ta taga. Har hura mata iska ya yi da baki. Injiniyan Legas kuwa maganarsa ɗaya ce, shi a wajensa komai lafiya, ba ya ganin wannan kwamfutar ko kaɗan, an tabbata ma akwai ta? Akwai ta, ranka ya daɗe. Ba ka taɓa zuwa Funtuwa ba ne.

Malam Zubair ya tuna da maganar tsawa tun ranar farko. Ina kallon fuskarsa lokacin da ya tuna, ya dubi ƙofar Alhaji, ya ci gaba da canja waya. Na ce a zuba mata tsarin da filas, ɗan abin nan da ake kwafar bayanai a ciki, aka ce dokar kamfani ta hana, kwamfutar da ba ta karɓa daga saba ba ba ta kamfani ba ce. Na ce to a sa mata sabon rami, Alhaji ya ce sai an rubuta wa Legas dalili, kuma shi bai ga dalili ba. Ranar Talata ya zo ya dafa ta kamar mai tausayi ya ce, "Tsufa ne, 'yar nan. Kowa da ranarsa." Ya sunkuya ya zare wayar wuta tana tsakiyar kira. Fankarta ta ce "huu" gajere, shi ke nan.

Ta bar allo ɗaya, wanda aka kai ofishin Alhaji tun jikinta bai huce ba. Ta bar linzami da kibod mai giɓi, suna hannun Kulu ta teburin kusa da ni, ita kaɗai ce ta ce mini sannu. Ta bar ɗan autanta na gefe, wanda Alhaji ya zare ya jefa a aljihun gaba, in za a neme shi. Sai ni.

Yau da safe Alhaji ya ce in ari kwamfutar Kulu in buga rahoton cewa tsufa ne ya kashe ta, in tura Legas kafin a tashi. Wannan shi ne abin da na buga. Na tura Legas, na kuma tura wa kowa da ke cikin adireshin kamfani, don kada a ce bai isa ba.

An sa jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, za a kai ta sito bayan buhunan waken suya. Kafin nan gawa tana kan teburinta, na juya bayanta ya fuskanci ƙofa, ramin da ya ƙone baƙi ƙirin yana nan ga duk mai son gani. Ana karɓar gaisuwa a bakin taga daga safe zuwa la'asar. Alhaji Bature da Malam Zubair, an yafe musu zuwa. Mutanen Legas kuwa ana roƙon su turo wanda zai duba gawa kafin a ɗaga ta. In ba a turo ba, masu ɗaukar ta su dawo su ɗauki kujerata, ni zan riƙe musu ƙofa.

Sanarwa daga Maijidda Awaisu, teburin bakin taga, ofishin Funtuwa.