Rasuwar Tsohuwa Mai Nuna Hanya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya fi baƙin cikin yawa, nake sanar da rasuwar Tsohuwa, kwamfutar da ke ɗakin sanyi na ofishinmu, wadda ni ne mai kula da ita.

Marigayiya ta ƙare rayuwarta tana nuna hanya. Duk ma'aikacin da ya rubuta sunan shafi a intanet, ita ake tambaya, ita ke faɗin inda shafin yake. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Maganarta ɗaya ce, "huuum" na fankarta, in ta gaji ta ƙara da "ƙit-ƙit".

Karamci ne ajalinta, don ba ta auna baƙo kafin ta ba shi masauki. Masu manhajarta sun yi shela cewa in aka turo mata sunan da tsawonsa ya wuce kima, zai cika mata ƙwaƙwalwa har ya malale, mai turowa ya bi ta nan ya shige. Sun ba da magani kyauta. Sharaɗin kawai a kashe ta na ɗan lokaci a ɗura mata.

Manaja ya hana. Shi ne mai jan baƙi zuwa ƙofar ɗakin yana bugun ƙirji wai tun da ya hau kujera ba a taɓa kashe ta ba. Na roƙa, na sake roƙa, ya ce in daina yi masa baƙin baki. Mutumin da ko firinta bai iya kunnawa ba!

Wani la'ananne ya turo dogon sunan. Tsohuwa ta haɗiye, hankalinta ya gushe, ta koma tura ma'aikata shafin ɓarayi. Ni na zare mata wuta da hannuna, ina hawaye. Yanzu Manaja ya ce sakacina ne, in tattara kayana ƙarshen wata. Laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango nawa.

Ta bar firinta biyu cikin maraici, da ni da iyalina cikin zullumi. Ta kuma bar ƙanwarta da aka ɗora a gurbinta, uwa ɗaya uba ɗaya, ciwo ɗaya, ita ma an hana ta magani.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a bayan ofis, wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ba a gayyaci Manaja ba. Ana roƙon mai amalanken da zai ɗauki gawar kada ya yi nisa, domin ƙanwar na nan tafe, kuma ranar ba na nan balle a ce ni ne.