Rasuwar Na-Rumbu, Dodon Fim Ɗinmu

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, ni Safiyanu, mai shirya fim a Gangara, nake sanar da rasuwar dodonmu Na-Rumbu, wanda ya bar mu ranar kasuwa da hantsi, saura fitowa ɗaya tak mu gama kashi na biyu.

Marigayin ɗan asali ne. Kansa ƙwaryar furar Inna Balki ce, fatarsa buzun rago, haƙoransa rogo. Bai taɓa cewa ya gaji ba, bai taɓa neman abinci ba. Da rana tsaka muke ɗaukarsa don ba mu da fitila, amma a kashi na farko sai da ya sa wani jandarma ya saki kofin shayi. Har yanzu ina jin "wuuu-ƙwas, wuuu-ƙwas" ɗinsa, in Sha'ibu mai sanya shi ya yi nishi muƙamuƙin ya kaɗa.

Ajalinsa a hannuna ya zo, kuma ina jin kunyar faɗi. Na ga kashi na biyu ya kamata ya fi ban tsoro, sai na yi masa geza da harawa, na jiƙa shi da jinin zoɓo, na zuba kanwa don jinin ya yi duhu. Na shanya shi a kan danga. Harawa da kanwa, a hanyar da awakin maƙwabcinmu Bakari ke bi zuwa kasuwa! Ko da muka iso, ƙwaryar ta dare gida uku, wata baƙar akuya tana tauna haƙorinsa na ƙarshe. Wanda ya cinye mutum tara a fim, bai iya ko ɗaga hannu ba.

Ya rasu ya bar Sha'ibu da ƙurajen zufa, da Inna Balki da har yau take cigiyar ƙwaryarta, da Zaituna, jarumar fim, wadda ta yi wata biyu tana koyon yadda za ta kashe shi da taɓarya.

Za a yi jana'iza ranar kasuwa mai zuwa a bayan rumbun kawuna. Tunda ba mu da wani ƙarshen fim, jana'izar za mu ɗauka. Kowa ya zo da kayan da ya sa a fitowar baya, kuma kada a kalli kamara. An gayyaci akuyar, ita ce dodon kashi na uku.