Yadda Za Ka Hana Bajamushe Buɗe Taga

Kai ɗan'uwa da ka baro Sabiya ka zo karatu Jamus, matso kusa. Shekarata goma sha ɗaya a Leipzig, babu irin karkataccen wuyan da ban gani ba. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci taga ba za ta ƙara buɗewa a gidanku ba. Borko, ɗan garin Nish, shi ya fara gwada su, kuma ga shi nan da ransa.

1. Riƙe abin da aka koya maka a gida

Ka sani, na sani, iskar waje ba ta kisa. Wadda ke shigowa ta taga ta fice ta ƙofa, promaya, ita ce ajali. Ita ta karkatar da bakin kawun Borko ranar bikinsa, har yau a hoto kamar yana yi wa amarya gatsine.

Bajamushe bai san wannan ba, Allah sarki. Safe da yamma sai ya wangale duk tagogin gida minti goma, ko ƙanƙara ake zubawa, ya tsaya yana shaƙa yana murmushi.

Borko ya samu ɗaki a gidan wasu ɗalibai biyu, Wiebke da Torben, bayan gidaje ashirin da uku sun ƙi shi. Gwajin wata ɗaya suka ba shi, daga nan su jefa ƙuri'a. In suka ce a'a, babu wani ɗaki a garin, sai dai ya tattara komatsansa ya koma Nish, karatu ya sha ruwa.

2. Kada ka yi gaggawar koyon Jamusanci

Wanda ya iya harshen shi ake yi wa bayani, bayanin Bajamushe kuwa da takardu yake zuwa. Borko ya je ajin harshe sau biyu, ya ga malama ta buɗe taga, bai koma ba. Duk abin da aka faɗa masa sai ya washe baki ya gyaɗa kai. Da Wiebke ta miƙo masa dokokin gida shafi huɗu, ya rattaba hannu kamar minista, bai san ya amince da shan iska sau biyu a rana ba.

3. Bi bayansu kana rufewa

Wiebke ta buɗe, ka rufe. In ta juyo, duƙa kana ɗaure igiyar takalmi, ko da silifa ne a ƙafarka.

Torben zai sayo na'urar auna iska, mai kuka in ɗaki ya cushe. Kada ka firgita. Borko ya rataye ta a baranda bayan tukunyar fure, ta yi tsit kwana tara. Torben har wasiƙar yabo ya rubuta wa kamfanin.

4. Dafa abincin gida

Wake da kabeji mai tsami, awa huɗu a wuta, ƙofa a rufe, ƙasanta a toshe da tawul. Ka shanya wankinka a nan ma, zafin kada ya tafi a banza. Sati biyu Borko yana haka, bangon kicin ya yi baƙi ƙirin.

"Borko, me nake gani haka?" in ji Wiebke.

Ya washe baki ya gyaɗa kai.

"Funfuna ce! A gidana! Torben, zo ka ga abin da mutuminka ya shuka mana!"

Torben ya zo, ya durƙusa, ya ɗauki hoto, ya rubuta takarda ya liƙa a firij: taro ran Lahadi, da ƙuri'a. Wannan kam Borko ya fahimta ba tafinta.

5. To, yanzu koyi Jamusancin

Kwana huɗu ya rage. Borko ya koma wajen malamar nan da hula har kunne, ya roƙe ta, suka rubuta tarihin kawunsa shafi biyu. Ya yi ta haddarsa a jirgin cikin gari har wata tsohuwa ta ba shi alewa.

6. Faɗa musu gaskiya

Ran Lahadi ya shigo kicin, ya tarar taga a wangale, ƙofa a wangale.

"Taro sai da iska," in ji Torben. "Bismillah, malam, muna jin ka."

Wurin tsayuwa ɗaya ne, daidai tsakanin taga da ƙofa. In ya fita, ɗaki ya tafi. Borko ya tsaya a bakin ajalinsa, iska na kaɗa takardar hannunsa.

"Kawuna mutumin kirki," ya ce. "Taga buɗe. Ƙofa buɗe. Baki ya tafi hagu. Baki bai dawo ba."

Minti ashirin ya yi yana zuba, har da hawaye, don da gaske tsoro yake ji. Wiebke ta saki baki.

"Au, dama kana magana? Wata guda muna zaton raina mu ka yi!"

"A kimiyyance shirme ne," in ji Torben, "amma jawabin yana da tsari."

Hannu biyu suka tashi sama. Ɗaki ya zama nasa, da sharaɗin ya kankare bango, su kuma za su riƙa kaɗa ƙararrawa kafin su buɗe taga, ya samu ya gudu banɗaki.

7. Jira abin da zai same ka

Borko ya kwanta yana jiran hukunci. Kullum da safe sai ya duba bakinsa a madubi. Kwana uku, ko atishawa babu. Wallahi wannan ya fi komai yi masa ciwo. Rana ta huɗu ya buɗe tagar ɗakinsa da hannunsa, ya buɗe ƙofa, ya zauna a tsakiya don ya sake gwadawa. Yana nan zaune mahaifiyarsa ta kira.

"Ɗana, ina fata dai kana rufe taga?"

"A rufe take, Mama."

"Ai na ji muryarka garau. Ka ga amfanin jin magana."

Gargaɗi: marubuci ba shi da hannu a funfuna, kora daga gida, ko sanƙarewar wuya. In kuma ka tsaya a iska ba abin da ya same ka, tsakaninka da mahaifiyarka ne, kada ka sa sunana.