Rasuwar Mirginau, Gadar da Ba Ta San Alfarma Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yau bai daina ƙaurin ƙarfe ba, Malam Inuwa mai walda na Gyadi-Gyadi yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa leƙen talabijin ta tagar wani, rasuwar gadarsa, Mirginau. Ita ce gadar nan ta shirin Tsallake Ka Hau, wadda ake ɗorawa a kan ramin taɓo, a kafe sabon babur a ƙarshenta, a ce duk wanda ya tsallake nasa ne. Ta rasu a wannan daminar, ta farko tun da soja suka koma bariki, a hannun wanda ya ƙera ta.

Ba a haifi marigayiya da mugunta ba. Koya mata aka yi, sannu a hankali. Farkonta katako ne guda, dogo, siriri. Junaid, furodusan shirin, shi ya zo rumfar Malam Inuwa ya ce yana son abin da mutum zai gani ya raina, ya hau ya faɗi, domin babur ɗaya aka ba su kuma babu niyyar ya bar gidan talabijin ɗin. Katakon ya yi aikinsa, har ranar da Tanko ya zo.

Tanko mai turin kura ne, ɗan Darmanawa, mai ɗaukar kayan 'yan kasuwa a Unguwa Uku. Magidanci ne da furfura ta fara leƙowa a gemunsa, kuma burinsa ɗaya a duniya, ya ajiye kura ya hau acaɓa kafin bayansa ya gama lanƙwashewa. Ya hau katakon ba takalmi, ya yi ta tafiya kamar a tsakar gidansa. Abin da ya kayar da shi kawai shi ne ya ɗaga kai ya kalli babur ɗin. Jama'a suka yi ta dariya. Malam Inuwa bai yi ba. Ya koma gida, Asabe matarsa ta ajiye masa tuwo, ya huce a gabansa.

A nan aka yi wa marigayiya haihuwa ta biyu. Ya cire katakon, ya jero gangunan mai a kan sandar ƙarfe, ya sa wa kowace ganga boris mai sa ta juyawa, yadda da an taka za ta mirgina hagu. A nan ta sami sunanta, a nan ta sami murya. Da ƙafa ta sauka sai ta ce ƙiii, siririya kamar kukan ƙofar tsohon shago, sai gurum-gurum, sai taɓo ya amsa da facal. Mutanen Tarauni suna tsaye a bakin shagon mai shayi sukan gane an fara shirin tun kafin su ga hoto.

Tanko ya dawo, ya faɗi, ya sake dawowa. Ya gano cewa in ta ja shi hagu sai ya jefa nauyinsa dama, ya kai har ganga ta kusa da ƙarshe. Sai aka shafa mata baƙin mai. Baƙin mai yana ɓata rigunan aro na gidan talabijin, don haka Asabe ta kawo shawarar karkashi, aka riƙa dama shi a bokiti ana kwarara mata, tana sheƙi kamar amarya. Tanko ya koyi taka gefen ganga inda yauƙi bai taru ba. Sai aka rataya mata buhun yashi yana lilo a tsakiya. Buhun nan ne ya cire wa Tanko haƙoran gaba biyu, aka yi ta maimaita hoton a tallan shirin har yara suka haddace yadda bakinsa ya buɗe. A zuwansa na gaba ya sunkuya wa buhun, ya faɗi a kan bakin ramin maimakon cikinsa, ƙugunsa ya goce. Masu ɗori suka riƙe shi rani guda.

Duk abin da ke jikin marigayiya, Tanko ne ya sa aka ƙara shi. Malam Inuwa ya san ƙafar mutumin nan fiye da yadda ya san fuskar 'ya'yansa. In suka haɗu a hanya, Tanko kan tsayar da kurarsa ya ce, "Malam, me aka ƙara wa mutuniyar?" Shi kuma ya ce, "Zo ka gani da idonka." Ba ya ɓoyewa. Wannan ne abin alfaharinsa.

Masu cewa muguwa ce ba su yi ƙarya ba. Amma a cikin halayenta akwai wanda ya yi ƙaranci a garin nan: ba ta san ɗan wane ba. Ta kayar da kurtun soja da kakinsa, ta kayar da malamin makaranta a gaban ɗalibansa, ta kayar da ɗan attajiri da ɗan dako a taɓo ɗaya. Ba ta taɓa yi wa kowa alkawari ba, ba ta taɓa karɓar gaisuwa ba. Ko akwai lada ga wanda ya raba zalunci daidai wa daida, wannan tambaya ce da mamaciyar ba ta bar amsarta ba, kuma mai ita ya fi son kada a yi ta.

Ciwon ajalinta ya zo ne da farar hula. Soja ba ya neman a so shi, saboda haka bai taɓa damuwa da wata gada ba. Amma wani sabon Honarabul, wanda ya karɓi ɗaukar nauyin shirin, ya ga ya dace jama'arsa su gan shi ya tsallake abin da ya gagari kowa. Junaid ya zo rumfa da rana tsaka, yana share gumi.

"Malam Inuwa, a kama gangunan nan da walda. Kar ko ɗaya ta motsa."

"Ka ce in kashe ta."

"Na ce ka kama ta. In ba za ka iya ba, masu walda sun yi yawa a Kano."

Malam Inuwa ya duba, ya ga gara hannunsa da na baƙo. Ya ɗiga wa kowane boris wuta har ya daskare. Ya shafe zanen jikin gangunan da fenti kala ɗaya don kada ido ya gane ba sa juyawa. Aka juye yashin buhu aka cusa auduga, aka maye gurbin karkashi da ruwan famfo. Ya taka ta da ƙafa. Ba ta ce ƙiii ba. A lokacin ta cika, ko da yake ba a sanar ba.

Saura matsala guda. Junaid ya ce dole wani ya faɗi kafin Honarabul ya hau, in ba haka ba 'yan kallo za su gane. Amma wa zai faɗi a kan gadar da ko tsohuwa za ta tsallake da tulu a ka? In aka biya wani ya faɗi da gangan, gobe labari ya cika gari.

Malam Inuwa ya ce, "Ku kira Tanko. Kada ku gaya masa komai."

Tanko ya warke a lokacin, yana ɗan ɗingishi. Ya shafe watanni yana gwaji a kan wata tsohuwar ganga a bayan gidansu, har ƙafarsa ta riga tunaninsa sanin abin yi. Ya iso ranar da wankakkiyar riga, ya riga ya yi magana da wanda zai sayi kurarsa. Ya gaida Malam Inuwa hannu biyu.

"Yau me aka ƙara mata?"

"Ba a ƙara komai ba," in ji Malam Inuwa. A ganinsa har yau bai yi ƙarya ba.

Aka saki tsohuwar muryarta da aka ɗauka a kaset. Tanko ya taka ganga ta farko, ya jefa nauyinsa dama don ya tare jan da za ta yi masa hagu. Babu abin da ya ja shi. Ya tafi da kansa, da dukkan ƙarfinsa da dukkan iliminsa, ya nutse a taɓo tun bai kai ganga ta biyu ba. Ba a taɓa dariya irin ta ranar ba. Da tafiya kawai ya yi, irin ta wanda bai san komai ba, da ya kwana da babur.

Yana bayan katanga ana kwara masa ruwa lokacin da Honarabul ya tattare babbar riga ya taka gawar, yana ɗaga wa kyamara hannu. An ce ƙanin matar Honarabul ne ke hawan babur ɗin yanzu. Da yake babu babur, babu shiri, aka maye gurbinsa da na jawaban godiya. Iyalan marigayiya suna ƙirga wannan a cikin darajojinta: ko gawarta ta kayar da namiji.

Ta rasu ta bar Malam Inuwa, wanda ya koma gyaran ƙofofi da murhun gawayi. Ta bar Asabe da buhun karkashin da gidan ba zai iya shanyewa ba. Ta bar ramin taɓo, wanda kwaɗi suka gada. Ta bar masu targaɗe da masu wawulo a unguwanni da dama. Ta bar Tanko, wanda ya fi kowa kusanci da ita, kuma shi ne farkon zuwa ta'aziyya. Ya tsuguna a bakin rumfa, ya shafa ganga ta farko, ya ce, "Malam, ka iya aiki. Ranar nan saurinta ya kai ban ma ji juyawarta ba. Ni na tsufa, ita ba ta taɓa cutata ba." Malam Inuwa ya ce Allah ya ba mu haƙuri, ya ci gaba da kankare tsatsa.

Ba za a yi mata wanka ko salla ba, kasancewarta ƙarfe. Za a yanka ta gunduwa-gunduwa ranar Asabar da hantsi a ƙofar rumfar Malam Inuwa, daga nan a kai ta wurin masu gwangwan a ɗora a sikeli. Tanko ne zai ɗauke ta a kurarsa. Ya ce ba zai karɓi ko sisi ba, a bar masa ganga ɗaya kawai ya ci gaba da gwaji, ko Allah zai sa a dawo da shirin. An amince, za a ba shi bayan an goge tabon waldar.

Ana zaman makoki a rumfa har la'asar. Tanko bai yi boko ba. Ana roƙon duk wanda wannan sanarwa ta shiga hannunsa, in ya zo rakiya, ya taya shi turi a hawan kwalbati, kuma kada ya karanta masa.